Babi na Bakwai: Wanda Ya Haifa da Wanda Ya Rena

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ji kirarin hankaka: mai da ɗan wani naka. A Tambuwal, a Dogon Daji, a Kuchi da sauran ƙauyukan ƙasar Kebbe, in ka tambayi tsofaffi dalilin wannan kirari ba za su yi jinkirin ba ka amsa ba. Za su ce maka hankaka ba ya ƙwai, na wasu tsuntsaye yake kwasowa ya kwanta a kai, in sun ƙyanƙyashe ya mayar da su nasa. Da wannan magana ake yi wa mutum habaici idan ya riƙe ɗan riƙo ya hana iyayensa ganinsa.

Hankaka dai yana ƙwai. Macen tana zuba huɗu ko biyar, masu ɗan kore-kore da zane-zanen ƙasa-ƙasa, a cikin babbar sheƙar ƙirare da suke ginawa can ƙololuwar giginya, ko rimi, ko kuka, yanzu kuma har a kan ƙarafan sabis ɗin waya. Amma ban yarda cewa kakanninmu ƙaga labarin suka yi ba. A ganina wani abu suka gani da idonsu, kuma abin da suka gani gaskiya ne: ana samun baƙon ɗa a sheƙar hankaka, ɗa mai dogon wutsiya da ɗige-ɗigen fari a baya, wanda bai yi kama da masu ciyar da shi ba ko kaɗan. A wajen yanke hukunci ne aka juya shari'ar. Hankaka bai saci ɗan kowa ba. Shi aka ɗora wa reno bai sani ba.

Mai ɗora masa renon wani tsuntsu ne daga dangin da Turawa ke kira kuku, mai tukku toka-toka a ka, da farin ciki, da fukafukai masu ɗige-ɗige. Bai kai hankaka girma ba, ga shi siriri. Ba ya gina sheƙa, ba ya kwanci, ba ya ciyar da ɗa. A farkon shekarun 1970 wasu Turawa biyu da suka zauna a Sakkwato, Peter Mundy da A. W. Cook, sun bi sheƙun hankaki a kewayen birnin suna leƙawa suna rubuta abin da suka tarar. Su ne suka fitar da jerin tsuntsayen Sakkwato a 1972 a mujallar ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Najeriya, sannan a 1977 suka buga bayanin hankaka da wannan kuku a mujallar Ostrich. Tsakanin inda suka yi aikin da Tambuwal kimanin kilomita 100 ne, ƙasa iri ɗaya, itatuwa iri ɗaya, hankaka kuma shi ne dai wanda ke sauka a mahauta ranar kasuwa.

Yadda abin ke faruwa ya cancanci a tsaya a kansa. Macen kuku takan yi kwanaki tana fakon sheƙar daga nesa, tana jiran lokacin da hankaka ya fara ƙwai. Sau da yawa namijinta ne ke fitowa fili yana kuka yana shawagi har masu gida su taso masa, ita kuwa ta faki ido ta faɗa sheƙar. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ta saki ƙwanta ta tashi. Wani lokaci ƙwan nata, da yake ɓawonsa ya fi kauri, yakan fasa ɗaya daga cikin na masu gida wajen faɗawa. Ba mamaki kuma a tarar da ƙwan kuku biyu ko uku a sheƙa guda. Daga nan sai lissafin kwanaki ya yi mata sauran aikin: ƙwan kuku bai cika mako biyu ba yake ƙyanƙyashewa, na hankaka kuwa sai ya yi kwana 18 ko 19. Kafin 'ya'yan gida su buɗe ido, baƙo ya riga ya yi kwanaki yana cin abinci shi kaɗai, ya yi ƙarfi, ya iya miƙa wuya.

Matan karkara sun san asalin wannan dabara tun ba yau ba. Idan damina ta faɗi zabi suka fara zuba, ba a barin zabuwa ta yi kwanci, kaza ake sa wa ƙwan, ita kuma ta rungume su har su fito, ta yi ta yawo da 'ya'yan da ba nata ba tana yi musu tono. Kaza ba ta tambayar ƙwan wa ke ƙarƙashinta, kuma yawancin tsuntsaye haka suke. Abin da ke cikin sheƙa shi ne ɗa. A kan wannan raunin ne wajen nau'in tsuntsaye 100 a duniya, kusan ɗaya cikin ɗari na dukkan tsuntsaye, suka gina rayuwarsu gaba ɗaya.

Sai dai hankaka ba ya shan wahalar da ƙananan tsuntsaye ke sha. Ɗan wannan kuku ba ya tura 'ya'yan gida waje, hankaka kuma babba ne, yana iya ɗauko abincin da zai ishi baki da yawa, don haka sau da yawa baƙo da ɗan gida sukan tashi tare. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. A arewacin Sifaniya, inda wannan kuku ke zuba wa wani baƙin hankaka na can, Daniela Canestrari da abokan aikinta sun tattara bayanan shekara 16, suka buga sakamakon a 2014. Sun gano cewa ɗan kuku, in an taɓa shi, yana fitar da wani baƙin ruwa mai ɗoyi wanda kyanwa da shaho ba sa iya jurewa. A shekarun da maɓarnata suka yi yawa, sheƙar da ke da baƙo ta fi tsira a kan wadda ba ta da shi. Wato hankaka yana ciyar da ɗan wani, ɗan wani kuma yana gadin 'ya'yansa.

Ba sai ka hau giginya ba kafin ka ga ɗora reno. Yana faruwa a cikin gidajenmu, a jinkar ɗaki da bakin rumbu. 'Yar jar tsuntsuwar nan da muke kira baiwar Allah, wadda ke shigowa tsakar gida tana tsintar tsaki a gindin turmi ba ta tsoron kowa, ita ma tana da nata baƙon. Idan damina ta yi nisa za ka ga wani ɗan ƙaramin tsuntsu baƙi wuluk mai sheƙi, da farin baki da jajayen ƙafafu, ya kama reshe guda a saman itace yana ta rera kuka da tsakar rana. Ɗan'uwan zalaidu ne, sai dai ba shi da dogon wutsiyar. Macensa, mai launin ƙasa-ƙasa da ba wanda ke kula da ita, a sheƙar baiwar Allah take zuba farin ƙwanta a cikin fararen ƙwan masu gida. A kwarin kogin Sanagal, inda Marie-Yvonne Morel ta yi shekaru tana nazarin baiwar Allah, kimanin sheƙa ɗaya cikin uku tana ɗauke da irin wannan ƙwai.

A nan hikimar ta fi zurfi. Sheƙar baiwar Allah rufaffiya ce, cikinta da duhu, iyaye kuma suna gane 'ya'yansu ne da alamomin da ke cikin bakinsu: ɗige-ɗigen baƙi a ganɗa, da wasu 'yan ƙulli masu haske a gefen baki. Ɗan baƙon yana fitowa da alamomin nan daidai, kamar an buga da hatimi ɗaya. Yana girma tare da 'ya'yan gida, yana sauraren kukan uban riƙonsa, in ya balaga kuma sai ya riƙa saka kukan baiwar Allah a cikin nasa. Macen da ta tashi a irin wannan sheƙa ba ta kula namiji sai wanda ke rera kukan gidan da ya rene ta, kuma can take komawa ta yi ƙwai. Bajamushe Jürgen Nicolai ne ya fara bayyana wannan a 1964, Ba'amurke Robert Payne kuma ya kwashe shekaru da dama yana bin sa a Afirka, har da Najeriya. A duwatsun Jos Payne ya lura da wani ɗan baƙin tsuntsu irin wannan yana kwaikwayon kukan da bai dace da na kowace baiwar Allah da aka sani ba. Da aka bi sawun kukan sai aka tarar da wata baiwar Allah ta cikin duwatsu wadda masana ba su taɓa rubutawa ba, aka ba ta suna a 1998. Baƙon ne ya nuna hanyar gidan mai masaukinsa.

Yanzu mu sauka daga itace da jinka, mu shiga ciyawa, domin can ne zuciyata ta fi karkata.

Idan ka bi burtali da safe a ƙasar Tambuwal, ko ka ratsa fadamar gulbin Zamfara bayan ruwa ya ja baya, wasu 'yan tsuntsaye masu launin busasshiyar ciyawa za su riƙa tashi daga gaban ƙafarka. Ba sa tsalle-tsalle kamar yawancin ƙananan tsuntsaye, tafiya suke yi, su ruga kaɗan su tsaya su miƙe wuya, wutsiya tana ɗan kaɗawa. In sun tashi za ka hango haske a gefen wutsiyar. Farcen yatsansu na baya dogo ne, halittar mai yawo a ƙasa. Turawa suna kiran danginsu fifit, daga siririn kukan da suke yi, kuma akwai nau'insu wajen 40 a duniya. A wajenmu akwai mazaunin gida mai baya sumul ba zane, wanda ke son gajeriyar ciyawar da shanu suka kiwata ko wadda wuta ta ci ta fara tohowa, yana sheƙarsa a ƙasa a gindin tushen ciyawa. Akwai kuma baƙin hunturu da ke ƙetaro Sahara wajen watan Oktoba su koma wajen Maris: wani mai launin rairayi da ke son fako, da wani mai jan maƙogwaro da ke son damshin fadama, wanda mahaifarsa can ƙarshen arewacin Turai da Rasha take, inda itace ba ya tsiro saboda sanyi.

Hankaka, balbela, carki, kabare, jan baki, zalaidu, duk yaro ya san su da suna, domin ko dai suna da ado, ko suna ɓarna a gona, ko suna bin shanu. Waɗannan na cikin ciyawa kuwa, mutanen gari da dama "tsuntsu" kawai suke ce musu. Wannan yana damuna, domin abin da ba a kiran sunansa yana iya ƙarewa ba a yi jajensa ba. A littattafan masana kuma da yawansu sunayen mutane suke ɗauke da su. Fifit ɗin filayen ciyawar Amurka ta Arewa, alal misali, John James Audubon ne ya same shi a 1843 kusa da inda kogin Yellowstone ya haɗu da Missouri, ya laƙaba masa sunan Isaac Sprague, mai zanen da ya raka shi tafiyar. Namijin wannan fifit yakan haura sama har ya kusa ɓacewa, ya yi ta kewaya yana rera kuka rabin awa ko fiye ba tare da ya sauka ba.

Sheƙar ƙasa ba ta da gata, kuma fifit ya daɗe da sanin masu ɗora reno. A tuddan Ingila shi ne babban mai renon kukun Turai, wanda ya fi namu mugunta nesa. Edward Jenner, likitan nan da ya kawo lambar rigakafin agana, shi ya bayyana a 1788 yadda ɗan wannan kuku, tun yana tsirara bai buɗe ido ba, yake goya ƙwan masu gida a bayansa ɗaya bayan ɗaya yana jefarwa waje har sheƙa ta zama tasa shi kaɗai. Daga baya Edgar Chance ya yi shekaru yana bin wata macen kuku guda a wani fili a Ingila, ya ɗauke ta a fim tana zuba wa fifit, kuma a shekarar 1922 ya ƙirga mata ƙwai 25. Wannan kuku ba baƙonmu ba ne. Tun 2011 da aka fara ɗaura wa wasunsu 'yar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, an ga suna ƙetare Sahara, wasu su yada zango a Najeriya, kafin su wuce dazuzzukan Kwango.

A nahiyar Amurka mai wannan sana'a wani ne daban, wanda za mu kira tsuntsun shanu, ko da yake ba balbela ba ne ba kuma carki ba. Baƙi ne mai kai ruwan ƙasa. A da yana bin garken ɓaunar Amurka yana cin ƙwarin da suke tayarwa, da aka ƙarar da ɓauna aka kawo shanu sai ya koma bin shanu. Shi ba ya wahalar kwaikwayon ƙwan kowa. An samu ƙwansa a sheƙar tsuntsaye fiye da nau'i 220, mace guda kuma tana iya zuba wajen 40 a shekara. Fifit ɗin Sprague yana cikin waɗanda yake zuba wa, amma a fili mai faɗi, inda ciyawa ta tafi iyakar ganin ido, abin bai cika yawa ba. Macen tsuntsun shanu tana buƙatar wurin da za ta sauka ta yi fako, shinge ko itace ko turken waya, tana kuma buƙatar wurin kiwo a kusa. Idan aka yayyanka fili da gonaki da hanyoyi ya zama ƙananan tsibirai na ciyawa, kowace sheƙa sai ta zama tana bakin iyaka, inda mai fako ke hango ta. A nan ne ɗora reno, da kuma ɓarnar masu cin ƙwai, suke tashi daga abin da ake jurewa su zama abin da ke ƙarar da zuriya.

Labarin wani ɗan tsuntsu na jihar Mishigan, mai sunan Kirtland, ya isa hujja. Wajen 1971 tsuntsun shanu yana zuba wa kusan kashi 70 cikin 100 na sheƙunsa. A 1972 hukuma ta fara kafa tarko tana kama masu ɗora renon dubbai, ɗora reno ya kusa ƙarewa a wurin. Duk da haka yawan ɗan tsuntsun bai ƙaru ba: maza 167 aka ƙirga a 1974, haka kuma 167 a 1987. Sai da aka samu sabon daji na ƙananan itatuwan da yake so, ta hanyar gobarar 1980 da dashen da aka yi ta yi, sannan ya farfaɗo, ya haura ma'aurata 2,000, har aka cire shi daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2019. Tarko ya tsayar da jini, amma muhalli ne ya warkar da ciwon. Kuma a duk Amurka ta Arewa, binciken da aka buga a 2019 ya nuna tsuntsayen filayen ciyawa ne suka fi kowa raguwa tun 1970, da kashi 53 cikin 100. Garma ce ta yi wannan aikin, ba tsuntsun shanu ba.

Ciyawarmu ma tana da nata masu ɗora renon. A fadamun arewacin Najeriya akwai wani ɗan'uwan baƙon baiwar Allah da ke zuba wa wata 'yar mitsitsiyar tsuntsuwa mai sheƙa a ƙasa, kuma sunansa na kimiyya ma sunan Najeriya yake ɗauke da shi tun da Boyd Alexander ya rubuta shi a 1908 daga bakin kogin Gongola. A kan ruwa kuma, inda kabare ke rataye sheƙunsa, wani ɗan koren kuku mai walƙiya yana nan yana jiran su. Duk waɗannan sun zauna da masu masaukinsu shekaru dubbai, wannan ya ƙara dabara wancan ya ƙara lura, babu wanda ya ƙarar da wani. Ba zai ma yiwu mai ɗora reno ya ƙarar da mai renonsa ya zauna lafiya ba, domin ranar da baiwar Allah ta ƙare, ranar ce shi ma ya ƙare.

Abin da ke sauya lissafin shi ne abin da duk mai shekaru a Tambuwal da Kebbe ya gani da idonsa. Saurar da a da ake bari ta huta shekaru, yanzu kowace damina sai an nome ta. Burtali yana ƙara tsukewa, wani wuri da ƙyar saniya biyu za su jera. Makiyayun da doka ta ware, irin waɗanda dokar Jihar Arewa ta 1965 ta yi tanadi, gonaki suna cin gefensu. Gambar da ake yanka a yi zana sai an yi tafiya kafin a same ta. Maganin feshi yana share ciyawar kan iyakar gona wadda a da ita ce mafakar sheƙa, fadama kuma noman rani ya shige ta har bakin ruwa. Ba na ganin laifin manomin da ke neman abin da zai ciyar da iyalinsa, ba na kuma ganin laifin makiyayi, hasali ma fifit ɗinmu na gida a bayan shanu yake samun irin ciyawar da yake so. Amma ciyawar da ta rage tana komawa 'yan siraran layuka tsakanin gonaki, kuma mun ga abin da irin wannan ya jawo a wata nahiya.

Abin da za a iya yi bai fi ƙarfinmu ba. Hakimai da dagatai, waɗanda su suka san inda kowane burtali ya bi tun zamanin kakanni, su tsare faɗinsa, domin fili guda mai faɗi ya fi guntaye goma amfani ga saniya da tsuntsu baki ɗaya. Masu farauta su daina cinna wa daji wuta da kaka, lokacin da ƙananan tsuntsaye masu cin tsabar ciyawa ke da 'ya'ya a sheƙa. Ɗalibanmu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma, da waɗanda suka samu horo a cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke kusa da Jos, aikin Mundy da Cook tun shekarun 1970 aka buga shi, ga hankaki nan a kan giginyar ƙauyukanku, ga fadamar Kebbe. Ku je da littafi da alƙalami. Ku fara da zama wajen tsofaffin makiyaya da mafarauta, ku ce, "Baba, wannan da ya tashi yanzu, me kuke ce masa?", ku rubuta sunan da garin da aka faɗa muku shi, tun masu sanin suna raye.